Fada Damiyan na Molokai (1840–1889)

An haifi Jozef De Veuster, wanda daga baya duniya ta san shi da sunan Fada Damiyan, ran 3 ga watan Janairu na shekarar 1840, a wani ƙauye mai suna Tremelo cikin ƙasar Beljiyam. Shi ne na bakwai a ɗakin mahaifiyarsa. Mahaifinsa manomi ne, yana kuma taɓa fataucin hatsi. Gidansu gidan riƙo da addini ne bisa tafarkin ɗariƙar Katolika. Yayyensa mata biyu sun shiga zaman zuhudu, wansa Auguste ma ya bi wannan hanya, aka sa masa suna Pamphile. Shi kuwa Jozef yana ɗan shekara 13 aka cire shi daga makaranta don ya kama aikin gona. Ya tashi kakkaura, mai ƙarfin damtse, ba ya gudun aiki, ga shi kuma da taurin kai da saurin fushi.

A shekarar 1858 mahaifinsa ya tura shi makaranta a garin Braine-le-Comte don ya koyi Faransanci, ya dawo ya riƙe kasuwancin gida. Bai dawo ba. A farkon 1859 ya bi wansa zuwa birnin Leuven, ya shiga ƙungiyar 'yan zuhudu da ake kira Ƙungiyar Tsarkakan Zukatan Yesu da Maryamu. A can ya ɗauki sunan Damiyan, sunan wani waliyyi na zamanin da, wanda ikilisiya ta ruwaito cewa likita ne da ke yi wa mutane magani ba ya karɓar ko anini. Da farko shugabanninsa ba su ga alamar zai iya zama Fada ba, wato limamin coci, domin karatunsa bai yi nisa ba, bai kuma san harshen Latin ba. Wansa ne ya zauna ya koya masa, har suka sake shawara. Ran 7 ga Oktoba, 1860, a birnin Faris, ya ɗauki alkawarin zuhudu, wato ba zai mallaki dukiya ba, ba zai yi aure ba, zai kuma yi biyayya ga na gaba da shi. Al'adar ƙungiyar ita ce mai ɗaukar alkawari ya kwanta rub da ciki a ƙasa, a lulluɓe shi da baƙin mayafin da ake rufe akwatin gawa da shi, alamar cewa ya binne son ransa. Damiyan bai taɓa mantawa da wannan rana ba.

Alkawarin rashin dukiya yana da muhimmanci ga duk abin da ya biyo baya. Kiristoci sun yi imani cewa kyauta da hidima suna gyara zuciyar mai bayarwa kamar yadda suke share hawayen mai karɓa. To, mutumin da bai mallaki ko sisi ba, in zai yi kyauta, sai dai ya ba da abin da ya rage masa, wato ƙarfinsa, da lokacinsa, da lafiyarsa, da mutuncinsa. Haka kuwa aka yi ta karɓar su daga hannun Damiyan, ɗaya bayan ɗaya.

A shekarar 1863 ƙungiyar ta shirya tura ma'aikata zuwa tsibiran Hawai, can tsakiyar Tekun Fasifik, Pamphile yana cikinsu. Ana gab da tafiya zazzaɓin taifus ya kwantar da shi. Damiyan, wanda ko naɗa shi Fada ba a yi ba tukuna, ya tsallake shugabansa na Leuven, ya rubuta takarda kai tsaye zuwa ga babban shugaban ƙungiyar a Faris, yana roƙon a tura shi a madadin wansa. Aka amince. Jirgin ruwansu ya tashi daga Jamus wajen ƙarshen shekarar, ya zagaya ta ƙurewar kudancin nahiyar Amurka, ya isa Honolulu ran 19 ga Maris, 1864. Bayan wata biyu, ran 21 ga Mayu, aka naɗa shi Fada yana da shekara 24. Bai sake ganin mahaifiyarsa ba.

Shekara tara ya yi a babban tsibirin Hawai, da farko a yankin Puna, daga baya a Kohala da Hamakua. Ya yi ta yawo bisa doki da ƙafa, ya koyi harshen ƙasar, ya gina ƙananan coci-coci da hannunsa. Mutanen wurin suka juya sunansa ya dace da bakinsu, suna ce masa Kamiano. Wasiƙun da ya aika gida a waɗannan shekaru suna nuna saurayi mai himma, wanda ke auna nasararsa da yawan mutanen da ya yi wa baftisma, yana kuma kallon 'yan mishan na Furotesta a matsayin abokan hamayya. Yana son mutanen da yake wa aiki, amma so ne irin na babba ga yaran da yake ganin ba su san kome ba.

A wannan zamani Hawai ƙasa ce mai sarkinta, domin sai a 1898 Amurka ta haɗe ta. Tun da jiragen Turawa suka fara zuwa a 1778, cututtukan da 'yan ƙasa ba su saba da su ba, irin su ƙyanda da agana da tunjere, suka yi ta cin mutane, har ƙidayar 1872 ta samu dukan jama'ar tsibiran ba su kai dubu 57 ba, alhali da can ana lissafa su da ɗaruruwan dubbai. Ana cikin wannan hali sai ga kuturta ta fara yaɗuwa. Tsoro ya kama gwamnati. A 1865 Sarki Kamehameha na Biyar ya sa hannu kan wata doka da ta ba Hukumar Lafiya ikon ware duk wanda ya kamu. Wurin da aka zaɓa wani zirin ƙasa ne a arewacin tsibirin Molokai, ana ce da shi Kalaupapa. Ruwan teku ya kewaye shi ta gefe uku, gefe na huɗu kuwa tsauni ne miƙaƙƙe kamar bango, tsayinsa wajen mita 600. Ran 6 ga Janairu, 1866, aka sauke mutum 12 na farko, aka zaunar da su a Kalawao, gefen gabas na zirin.

A ƙasar Hausa ma an san kuturta, an kuma san ƙyamar da ake yi wa mai ita. Amma kutare sun zauna a unguwarsu, da sarkinsu, suna shiga kasuwa, suna ganin danginsu. Dokar Hawai ta fi haka tsanani nesa ba kusa ba. Sai a kama mutum kamar ɓarawo, a raba shi da iyalinsa, a sa shi cikin jirgi, ba a kuma sa ran dawowarsa. Shi ya sa mutanen Hawai suka laƙaba wa cutar suna mai ma'anar ciwon da ke raba dangi. Su a al'adarsu ba a gudun mara lafiya, rabuwar ta fi musu cutar zafi. Da yawa sun ɓoye 'yan'uwansu a gida. Wasu kuma, da lafiyarsu lau, suka bi mazansu ko matansu zuwa Molokai da son ransu, ana kiran su kokua, wato mataimaka. Ɗaya daga cikinsu shi ne Jonathan Napela, tsohon alƙali kuma babba a cocin Mormon, wanda ya bi matarsa a 1873, ya kamu da cutar, ya rasu a can a 1879. Saboda haka ba Damiyan ne ya fara kai sadaukarwa Molokai ba. A can ya tarar da ita, a hannun mutanen da ya zo ya koyar.

Gwamnati ta zaci majinyatan za su noma abincinsu su ci da kansu, ta manta cewa cutar yatsu take fara ci. Abinci ya yi ƙaranci, aka yi shekaru babu likita mazauni, masu sauran ƙarfi suka danne marasa ƙarfi. Duk da haka akwai waɗanda suka riƙe addininsu. 'Yan Furotesta sun kafa ikilisiyarsu tun 1866, 'yan Katolika kuma sun samu ɗan ƙaramin coci mai sunan Waliyyiya Filomena a 1872, sai dai Fada yakan leƙo su ne jifa-jifa. Suka yi ta roƙon a ba su wanda zai zauna.

A watan Mayu na 1873 Bishop Louis Maigret ya tara wasu Fada-Fada a garin Wailuku wajen buɗe wani sabon coci, ya kawo musu wannan magana. Ya nuna musu cewa ba zai umarci kowa ba, domin ya san abin da umarnin ke nufi. Mutum huɗu suka miƙa kansu, aka shirya za su riƙa karɓa-karɓa. Damiyan ne aka fara turawa, shi kuwa abin da ya faɗo masa a rai shi ne baƙin mayafin nan na Faris. Ya sauka a Kalaupapa ran 10 ga Mayu, 1873, yana da shekara 33, ya tarar da majinyata sama da 600. Bai zo da kaya ba, ba shi kuma da ɗaki, saboda haka makonnin farko a gindin wata bishiya da ake kira hala ya kwana, kusa da cocin. Bai daɗe ba ya rubuta ya nemi a bar shi a can dindindin. A wannan shekarar ce wani likitan ƙasar Norwe mai suna Armauer Hansen ya gano ƙwayar da ke haddasa kuturta, amma sai da aka yi kusan shekara 70 kafin a samu maganin da ke kashe ta.

Ba da jarumtaka ya fara ba. Shi da kansa bai ɓoye wa 'yan'uwansa ba cewa warin gyambo cikin ƙananan bukkoki yakan tayar masa da zuciya, har wani lokaci sai ya fita da gudu ya shaƙi iska sannan ya komo. Ya koyi shan lofe don hayaƙin taba ya danne warin da ke kama tufafinsa. An kuma gargaɗe shi tun da farko kada ya taɓa majinyata, kada ya ci abinci tare da su. Ya ɗan riƙe wannan gargaɗi. Sannu a hankali ya gane cewa mutanen nan sun gaji da masu yi musu alheri daga nesa. An sha jefo musu abinci da tufafi daga jirgi, an sha yi musu wa'azi daga bakin ƙofa. Abin da suke dubawa ga baƙo shi ne ko zai miƙa hannu. Abincin mutanen Hawai wani irin tuwon gwaza ne mai ruwa-ruwa da ake kira poi, a ƙwarya ɗaya ake zuba shi, kowa ya sa yatsa ya ɗiba. Wanda ya ƙi sa hannu cikin ƙwaryar, ko da me ya zo, baƙo ne. Damiyan ya sa hannu. Ya bar ƙofar ɗakinsa a buɗe, majinyata suna shiga suna fita. Lofensa yakan zagaya bakin mutane ya dawo nasa. Ya riƙa wanke gyambuna da kansa, yana ɗaure su. Bahaushe ya ce wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski. Damiyan bai ci ladan kowa ba, ya yi askin.

A wurinsa wannan al'amari ne na addini. Linjilar Markus ta ba da labarin yadda Yesu ya miƙa hannu ya taɓa wani kuturu, a zamanin da shari'a ta hana kusantar irinsa, kuma koyarwar Kirista ta ɗauki hidimar mara lafiya a matsayin hidima ga Almasihu kansa. Damiyan ya san wannan tun yana Leuven, amma sani ne na littafi. A Kalawao ne ya zama abin da yake yi da hannu kowace safiya. Tun shekararsa ta farko, in yana wa'azi, yakan sa kansa cikin kutaren, ya yi magana da bakin jam'i kamar shi ma ɗaya ne daga cikinsu. An fi yaɗa labarin cewa sai bayan ya kamu ya fara yin haka, amma wata wasiƙa da ya rubuta wa wansa a 1873 ta nuna tun yana da lafiya ya soma.

Ba kowa ya yaba wannan hali ba, kuma masu sukar suna da hujja. Dokta Arthur Mouritz, wanda ya zama likitan wurin a 1884, ya ga sakaci ne tsantsa, mutum ya gama taɓa gyambo ya kama abinci bai wanke hannu sosai ba. Gaskiya ne kuma cewa waɗanda suka zo bayansa sun yi irin wannan hidima da tsabta mai tsanani, ba su kamu ba. Yanzu an san cewa kuturta ba ta da saurin yaɗuwa, wajen mutum 95 cikin 100 jikinsu na iya kare kansa daga gare ta. Damiyan bai san wannan ba. Da tsoron da kowa ke da shi a zamaninsa ya sa hannu cikin ƙwaryar.

Aikin ƙarfi kuwa, nan ɗan manomin Tremelo ya samu abin da ya iya. Wajen ƙarshen 1874 wata guguwa ta rushe bukkokin ciyawa da yawa, ya matsa wa Hukumar Lafiya da 'yan mishan har aka aiko da katako, ya ɗauki zarto da guduma, shi da majinyatan da ke da sauran yatsu suka yi ta gina ɗakuna. Ya taimaka wajen shimfiɗa bututun ruwa daga kwari, ya faɗaɗa coci, ya gina wa marayu maza da mata makwanci, ya kafa ƙungiyar mawaƙa da masu busa. Abin da ya fi damunsa shi ne yadda ake binne matattu. Wanda ya mutu ba shi da kuɗin akwati sai a naɗe shi cikin bargo a tura shi rami marar zurfi, aladu su tone. Damiyan ya kewaye maƙabarta da shinge, ya kafa ƙungiyoyin jana'iza, ya ƙera ɗaruruwan akwatunan gawa, ya haƙa kaburbura da hannunsa. Maƙabartar tana jikin ɗakinsa, a cikinta yakan zaga da dare yana jan carbi.

Taurin kansa bai bar shi ba. Yakan ɗauki sanda ya shiga inda ake dafa barasa ya farfasa tukwane, ya kori masu rawa da caca. Da mai kula da sansanin ya rasu a ƙarshen 1877, aka ba shi riƙon ƙwarya, amma ya yi zafin hannu har majinyata suka kai ƙara, bayan 'yan watanni ya sauka. Fada biyu da aka turo su taimake shi a lokuta dabam-dabam, duka sai da suka saɓa da shi. Mutum ne mai son a yi abu yanzu, kuma yadda shi ya gani. Ya san wannan aibi nasa, shi ya sa kaɗaici ya fi kome yi masa ciwo. A ɗariƙar Katolika, Fada ma yana bukatar wani Fada da zai furta wa zunubansa. Tun a 1873, lokacin da Hukumar Lafiya ta hana shi fita daga sansanin, shugabansa ya zo cikin jirgi, matuƙin jirgin ya hana shugaban sauka, ya kuma hana Damiyan hawa. Sai Damiyan ya tuƙo kwalekwale zuwa gefen jirgin, ya durƙusa a ciki, ya ɗaga murya ya faɗi laifuffukansa da Faransanci, mutane suna tsaye a sama suna kallo.

Inda aka fi ganin canjinsa shi ne wajen rabo. Saurayin nan da ya zo Hawai yana ƙidaya nawa ne nasa, nawa ne na Furotesta, ya wayi gari yana raba barguna da magani ba ya tambayar cocin da mutum ke zuwa. Napela ɗan Mormon ya zama amininsa. Bai daina son kowa ya zama Katolika ba, domin har ya mutu yana kan wannan ra'ayi, amma ya daina sa shi sharaɗin alheri. Ya kuma bayyana wa abokansa cewa ba don sa'o'in da yake yi shi kaɗai yana addu'a a gaban bagade ba, da bai iya zaman wurin ba. Hidimar ce ta kora shi ga addu'a, addu'ar kuma ta mayar da shi ga hidima. A 1881 Gimbiya Liliuokalani ta ziyarci sansanin, abin da ta gani ya sa kuka ya hana ta yin jawabin da ta shirya. Bayan ta koma aka aiko wa Damiyan lambar girma ta Sarki Kalakaua. Ya karɓa, amma ba safai aka gan ta a ƙirjinsa ba.

Wata rana a watan Disamba na 1884 ya tsoma ƙafarsa cikin ruwan zafi, fatar ta saluɓe, shi kuwa bai ji kome ba. Ya san ma'anar wannan fiye da kowa. Dokta Eduard Arning, masanin cutar ɗan Jamus, ya gwada shi ya tabbatar. Shekararsa 11 ke nan a Molokai.

Abin da ya biyo baya ya fi cutar ɗaci. A lokacin akwai likitocin da ke cewa kuturta matakin ƙarshe ne na tunjere, wato cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Ga mutumin da ya ɗauki alkawarin ba zai kusanci mace ba, wannan tuhuma ce a fili. Damiyan ya yarda likitoci suka tuɓe shi suka duba shi sarai, ba su ga alamar kome ba, amma tsegumin bai mutu ba. Mahaifiyarsa ta samu labarin ciwonsa, ta rasu a 1886. A wannan shekarar kuma wani fasto ɗan Angilika a Landan, Hugh Chapman, ya buɗe asusun taimako, ya tara ɗaruruwan fam ya aiko masa. Jaridun Ingila da Amurka suka ɗauki labarin, suna rubutu kamar shi kaɗai ne ke aiki, gwamnati da mishan sun naɗe hannu. Wannan ya ɓata wa shugabanninsa rai, Bishop Hermann Koeckemann da Fada Léonor Fouesnel. Suka zarge shi da neman suna da girman kai, aka kuma nuna masa ba a son ya zo Honolulu, in ma ya zo, a ɗaki za a keɓe shi. Sau ɗaya ya je, a watan Yuli na 1886, ya yi 'yan kwanaki a asibitin kutare na Kakaako don ya ga wani sabon salon jinya na wani likitan Japan, ya koma.

A nan ne mutumin da ya tsallake shugabansa yana ɗan shekara 23 ya nuna abin da shekarun Kalawao suka yi masa. Ya ji zafi, ya kare kansa a rubuce, wani lokaci da kaushi. Amma bai fita daga ƙungiyar ba, bai kai ƙarar shugabanninsa ga jaridun da ke jiran ya buɗe baki ba, kuɗin da aka aiko kuma ya kashe su kan tufafin sanyi da katako da bukatun marayu. Waɗanda suka zauna da shi a shekarun ƙarshe sun ba da shaidar cewa in ya yi wa mutum tsawa, ba ya jin nauyin komawa ya nemi gafara.

Saura darasi ɗaya, shi ne ya koyi karɓa. Wanda ya saba shi ke ɗauka, shi ke ginawa, shi ke binnewa, ba ƙaramin abu ba ne gare shi ya miƙa guduma ga wani. A watan Yuli na 1886 wani Ba'amurke mai suna Joseph Dutton, tsohon sojan yaƙin basasar Amurka, ya sauka a Kalaupapa ba tare da an kira shi ba, yana neman aikin da zai yi don tuba daga rayuwarsa ta baya. Mutum ne mai sanyin hali, shi ya fara iya zama da Damiyan ba faɗa, ya kuma ci gaba da aiki a wurin har 1930. A 1888 Fada Louis Conrardy, ɗan ƙasarsu, ya zo, Damiyan ya samu wanda zai furta wa zunubi ba sai ya jira jirgi ba. A watan Nuwamba na shekarar Uwa Marianne Cope ta iso da sistoci biyu na ƙungiyar Faransis, waɗanda asalinsu daga Syracuse ta jihar New York suka zo Hawai. Ita ce ta kafa dokar wanke hannu da tsabta, ta zauna har rasuwarta a 1918 ba ta kamu ba. A hannunta da na Dutton ya bar marayunsa. Wani mai zane ɗan Ingila, Edward Clifford, wanda ya ziyarce shi a watan Disamba na 1888, ya tarar da fuskarsa ta kumbura, kunnuwansa sun yi kauri, muryarsa ta dushe, amma yana kan gyaran cocin Filomena da iska ta lalata. Ya gaya wa Clifford cewa in sharaɗin warkewarsa shi ne ya bar tsibirin, ba ya so.

Ran 23 ga Maris, 1889, ciwo ya kwantar da shi. Fadan da ya zo ya ji furcinsa na ƙarshe ya same shi kwance a ƙasa bisa wata 'yar katifa, sai da aka yi da gaske kafin ya yarda a ɗora shi a gado. Da aka nemi zanen gado da tufafin da za a canja masa, sai aka ga mutumin da dukiya mai yawa ta bi ta hannunsa ba shi da su. Ya rasu da safiyar Litinin, 15 ga Afrilu, 1889, cikin makon da ke gaban Ista, yana da shekara 49. Aka binne shi a gindin bishiyar nan da ya fara kwana a ƙarƙashinta.

Mutuwa ba ta kashe gardama a kansa ba. Bayan 'yan watanni wani fasto na Furotesta a Honolulu, Charles Hyde, ya rubuta wa abokinsa wasiƙa yana siffanta marigayin da kaushin hali da ƙazanta da taurin kai, ya kuma maimaita tsegumin mata. Wasiƙar ta fita a jarida. Marubucin nan ɗan Sikotilan, Robert Louis Stevenson, wanda shi ma a gidan Furotesta ya tashi, ya riga ya ziyarci Molokai a watan Mayu na 1889, ya yi kwana takwas yana tambayar waɗanda suka san Damiyan, har da waɗanda ba sa ƙaunarsa. A watan Fabrairu na 1890 ya mayar wa Hyde martani a buɗaɗɗiyar wasiƙa. Bai musa kaushin halin ba, bai musa taurin kan ba. Hujjarsa ita ce, da waɗannan aibobi mutumin ya je ya zauna, masu tsabta da ladabi kuwa suna gidajensu a Honolulu.

Maganin kuturta ya isa Kalaupapa a 1946, aka soke dokar warewa a 1969, bayan an kai wajen mutum dubu 8 wurin cikin shekara ɗari da 'yan kai. Yanzu cutar tana warkewa da haɗin magunguna da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara bayarwa kyauta a 1995. Paparoma Benedict na 16 ya sa Damiyan cikin jerin waliyyan Katolika ran 11 ga Oktoba, 2009, Uwa Marianne kuma ta biyo baya a 2012.

Gawarsa ba ta dawwama a inda ya so ba. A 1936 gwamnatin Beljiyam ta nemi a mayar da ita gida, aka tone kabarin, mutanen Kalaupapa suna tsaye suna kuka, ba wanda ya nemi shawararsu. Aka kai ta Leuven, inda take har yanzu. Sai a 1995, bayan Paparoma John Paul na Biyu ya ɗaga darajarsa zuwa matakin da ke gab da na waliyyi a birnin Brussels, aka mayar wa mutanen Hawai ƙasusuwan hannunsa na dama. Suka kai su Kalawao, suka binne a tsohon kabarinsa, kusa da bangon cocin Filomena.